Tayoyin Motar Auta

A layin masu taya kowa Likita yake ce masa, alhali ko allura bai taɓa riƙewa ba. Sunan ya samo asali ne daga wani ɗan ɗaki da ke bayan shagonsa, inda ake shiga da tayar da ta mutu murus, ta yi sanƙo kamar tafin hannu, bayan awa biyu ta fito da zane mai zurfi tana sheƙi. Wata 'yar wuƙa gare shi mai aiki da lantarki, bakinta a lanƙwashe. Idan ta ɗauki zafi sai ya bi tsohon sawun zanen yana yanke robar zare-zare, har sai abin da ya rage tsakanin ƙasan zanen da wayar ƙarfen da ke riƙe da cikin tayar bai wuce kaurin farce ba. Daga nan a wanke ta da sabulu, a shafe ta da baƙin mai, a naɗe da leda mai ƙyalli. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, kuma kaf layin babu mai hannunsa. Ba kowace taya yake ɗauka ba, sai wadda direbobin dogon zango suka cinye cikin shekara guda, don lambobin da ke gefenta masu nuna lokacin da aka ƙera ta su nuna yarinya ce ɗanya. Irin wannan taya takan yi wata uku ko huɗu lafiya lau. Ranar da ta gamu da kwalta mai zafi da gudu, ba ta sallama, fashewa take yi. Likita ya san da haka sarai, ya dai koya wa kansa rashin tambayar inda tayoyinsa suke ƙarewa.

Ranar wata Asabar da hantsi yana zaune a kan benci yana kurɓar shayi, sai ga wata ƙaramar mota ruwan toka ta gangaro daga titi ta tsaya a ƙofar shagonsa. Tun kafin a buɗe ƙofa ransa ya ɓaci, don ya san motar, ya kuma san mai ita. Surukinsa ne, mijin Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Aikin ofis yake yi a wani kamfani da ke birnin gaba, shi ya sa Likita ya laƙaba masa Akawu, kuma ba don yabo ba. Shekara huɗu da auren, mutanen nan biyu ba sa ga maciji. Akawu bai manta ranar da ya kawo motar nan da murnarsa ya nuna ba, tsohon ya zagaya ta sau ɗaya ya ce a gaban jama'a an sayar masa da gwangwani. Shi kuma Likita bai manta ranar da yaron ya gaisa da shi, ya juya ya ciro hankici yana goge tafinsa yatsa bayan yatsa ba. Kowannensu na da tasa gaskiyar, kuma kowanne ya riƙe ta ya ƙi saki.

Ba fuskar Akawu ya fara kallo ba, ƙafafun motar ya kalla, sai ya ajiye kofin shayin. Tayoyin gaba sun cinye ta gefen ciki har zare ya fara leƙowa, na baya ma saura ƙiris. A cikin motar nan Auta take zama kowace safiya, a kujerar gaba, tafiyar awa guda a babbar hanya tsakanin manyan motoci, zuwa asibitin da take aikin jinya. Mijin ya sauke ta ya wuce ofis, da yamma su juyo ta hanyar da suka bi. Ga ta da ciki wata bakwai.

Akawu ya rusuna rabi da rabi, irin gaisuwar da ake yi don kada a ce ba a yi ba. Likita ya amsa da hanci. Aka tambayi mutanen gida, aka ce suna lafiya, shi ke nan zance ya ƙare.

"Baba, taya na zo saya. Guda huɗu."

"Ashe ka san hanyar nan," in ji Likita. "Da sai ka bari su ƙarasa zama takalmi tukuna."

Akawu ya yi kamar bai ji ba. Ya ciro wata takarda daga aljihun farar rigarsa ya warware. Ya yi kwana biyu yana karance-karance a waya, ya rubuto abubuwan da ake dubawa: lambar girman taya, shekarar da aka ƙera ta, da zurfin zane. Ba wai ya zo neman shawara ba ne, ya zo ne ya nuna wa tsohon nan cewa sana'ar da yake taƙama da ita ana iya haddace ta cikin kwana biyu. Ya shige shagon ba tare da an ce masa ya shiga ba, ya wuce jerin sababbin da ke hannun dama, ya tambayi kuɗinsu a tsaitsaye, ya ji, ya taɓe baki. Sai ya juya hagu, inda aka jera waɗanda ake ce wa gwanjo mai kyau, masu leda mai ƙyalli. Ya yage ledar ɗaya, ya duƙa ya karanta lambobin gefenta, ya gyaɗa kai. Ya zura makullin motarsa cikin zanen, makullin ya nutse sosai. Ya sake gwada ta biyu, ta uku, ta huɗu. Duk huɗun daga hannun Likita suka fito a farkon satin nan.

"Waɗannan nake so."

A shekara ashirin da shida Likita bai taɓa ganin mutum ya faɗa ramin nan da irin wannan jin kai ba, kuma da wani ne daban da tuni ya yabi idonsa ya ɗauko jak. Ya ce waɗannan an riga an saye su, mai su zai zo da yamma. Akawu ya duba ya ce bai ga alamar alli a jikinsu ba, alhali ga wasu can an rubuta musu suna. Likita ya ce ba su dace da motarsa ba. Akawu ya ɗora takardarsa a gefen tayar ya karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ake karanta wa ɗan aji ɗaya. Sun dace cif. Likita ya ce mai bin babbar hanya kullum sabuwa dal ce ta kamace shi, ya mirgino ɗaya daga hannun dama ya tsayar a gabansa, ya nuna masa 'yan gashin robar da ke jikinta waɗanda ba su taɓa ganin kwalta ba. Akawu ya sa makullinsa a ciki, ya sa a waccan, ya ɗaga kai yana murmushin da ya fi zagi ciwo. Zurfin ɗaya ne. Ya ce shi bai ga dalilin da zai sa ya ninka kuɗi don gashi ba.

"To ɗauki sababbin," in ji Likita. "Na ba ka. Kada ka biya ko sisi."

Da ya san abin da maganar nan za ta haifar da ya haɗiye ta. Fuskar Akawu ta canja nan take. Ya naɗe takardarsa gida huɗu ya mayar aljihu, ya ce shi ba bara ya zo ba, yana da aikin yi, kuma tun da ya auri Auta bai taɓa barin ta da yunwa ba balle a ce tayar motarsa sai an yi masa sadaka. Ya ce ya san gobe duk dangi za su ji cewa mijin Auta ko taya ba ya iya saye. Likita ya ce shi bai faɗi haka ba. Akawu ya ce ba sai an faɗa ba, shekara huɗu yana jin ta ba a faɗa ba.

Gaskiyar magana guda ce, kuma tana bakin Likita, kalma biyar ba za ta wuce ba. Amma faɗin ta yana nufin ya tsaya gaban yaron da ke goge hannu bayan ya gaisa da shi, ya ce masa abin da kake zato a kaina ma bai kai ba. Yana nufin Auta ta ji da me aka biya mata makarantar jinya. Likita ya dubi farar rigar nan da ko lanƙwasa babu, zuciya ta kawo masa wuya, sai ya zaɓi hanya mai sauƙi, wato faɗa. Ya ce shagonsa ne, kayansa ne, kuma ba ya sayarwa. Ya ce mutumin da ya bar taya ta kai haka da matarsa mai ciki a gefensa ba shi da bakin koya wa kowa zaɓen taya. Ya ƙara da cewa ilimin waya bai taɓa ɗaure noti ba.

Akawu bai ɗaga murya ba, irinsu ba sa ɗagawa. Ya ce ya gode, Allah ya ƙara girma, ya fita. Likita ya sauke ajiyar zuciya, yana zaton zai hau titi ya nufi manyan shagunan cikin gari masu gilashi, inda irinsa suka fi yarda da abin da aka gaya musu. Motar ta ja da baya, ta juya, ta tsallaka titin kawai, ta tsaya a ƙofar shagon Zuma.

Zuma maƙwabcinsa ne na tsallake, kuma ba don halinsa ake kiransa haka ba, don bakinsa ne. Ba ya sassaƙa da kansa, hannunsa rawa yake yi, don haka duk gwanjo mai kyau da ke shagonsa daga ɗakin bayan Likita yake fitowa. Ranar Alhamis ɗin nan ma ya karɓi guda takwas, kuma daidai girman motar Akawu. Likita yana daga zaune ya hango shi ya taso da hannu biyu a buɗe, ya karkaɗe kujera, ya kunna fanka, yana ranka ya daɗe yana yallaɓai. Ya hango takarda ta sake fitowa daga aljihu, ya hango makulli yana nutsewa cikin zane, ya kuma hango Zuma yana dafe ƙirji yana rantsuwa cewa bai taɓa ganin mai saye da ya san taya irin wannan ba.

A layin nan akwai ƙa'ida guda da ta fi duk wata takardar ƙungiya ƙarfi. Da zarar mai saye ya tsallaka kwata ya shiga shagon wani, ya zama na mai shagon. Ko ɗan'uwanka ne, ko da kana ganin ana yanka shi, ka kau da kai. Wanda ya ɓata cinikin maƙwabcinsa ba a kai shi ƙara ko'ina. Ana daina gaishe shi ne kawai, a daina ara masa sifana, a daina turo masa mai saye, a daina kawo masa aiki, har ya gaji ya kwashe kayansa. Likita da kansa ya taɓa jagorantar yi wa wani haka, kuma bai ji komai ba a lokacin.

Ya koma ya zauna ya ɗauki shayinsa, ya tarar ya huce. Ya gaya wa kansa ya yi iya yinsa, mai taurin kai shi ya jiyo. Ya gaya wa kansa cikin taya goma ba duka ke fashewa ba, wasu sukan cinye salin alin. Ya ciro waya ya nemo lambar Auta, ya tsaya yana kallon ta. Ya ce mata me? Ki hana mijinki sayen taya a tsallake, kada ki tambaye ni dalili? Ya mayar da wayar. Ya miƙe ya tsaya a bakin kwata ya yi wa Zuma alama da hannu, ya girgiza kai, ya ja yatsa a iska. Zuma ya kalle shi ido cikin ido, sannan ya juya baya ya tura jak ƙarƙashin motar. Tsoro ya kama Likita, tsoro na gaske wanda rabonsa da irinsa tun ranar da aka haifi Auta uwarta ta kusa tafiya. Ya san babbar hanyar nan gaba da baya, ya san gangaren da ke bayan gada inda kowa ke sakin mota, ya kuma san yadda ƙaramar mota take yi idan tayar gaba ta fashe a wurin.

Kafin ya tsallaka titin an riga an cire tayoyin gaba, an ɗora ɗaya daga cikin masu ledar a kan rim ana ba ta iska. Akawu na zaune ƙarƙashin fanka ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana latsa waya, ko ɗaga kai bai yi ba. Likita ya ja Zuma gefe, bayan tarin tsofaffin tayoyi, ya yi ƙasa da murya. Ya ce ya sauke waɗannan ya ba yaron sababbi, shi zai cika bambancin daga aljihunsa, kada kowa ya sani. Zuma ya ce ai mai saye ya ga sababbin ya ce ba ya so, zai ɗura masa ne? Likita ya ce to ya ce masa an samu matsala, ya ƙirƙiro wani abu, ai ƙarya ba ta taɓa yi masa wuya ba. Zuma ya yi dariya ya ce yau kuma shi ake roƙo, bayan shekara goma ana sayar masa da aiki ana haɗa masa da baƙar magana.

"Motar 'yata ce," in ji Likita.

"Kowace mota da 'yar wani a ciki, Likita. Yau ka sani?" Zuma ya zame hannunsa. "Ka tsallako mini kwata ina tsakiyar ciniki. Koma shagonka tun muna shaida juna."

Ya koma bakin aikinsa, ya mirgina tayar zuwa ƙafar gaba ta dama, wato gefen da Auta take zama, ya ɗaga ta ya zura a mazauninta. Likita ya bi shi. A kan wani tsumma kusa da jak akwai sukundireba, ya duƙa ya ɗauka. Zuma ya ga abin da yake shirin yi ya ce masa kul. Masu shagunan gefe da gefe sun riga sun fito, don a layin nan ba a ɓoye tsallaka kwata. Mai faci ya kashe injin iskarsa don ya ji da kyau.

"Akawu, taso ka gani."

Akawu ya ɗago a hankali, ya ce Baba don Allah a bar shi ya yi cinikinsa, an kore shi can, nan ma biyo shi za a yi? Likita ya durƙusa a gaban tayar, gwiwarsa ta yi ƙara, ya sa bakin sukundireba a ƙasan zanen ya kankara sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Robar ta ɓare kamar ɓawon lemo. A ƙarƙashinta wayar ƙarfe ta bayyana fara tas tana walƙiya a rana. Ya matsa gaba kaɗan ya sake kankarawa, waya ta sake fitowa. Ya ce wa Akawu ya zo ya sa makullinsa a nan ya auna.

Akawu ya taso. Ya duƙa ya taɓa wayar da yatsa. Likita ya yi masa bayani da muryar da babu komai a cikinta. Tayar kamfani tana da 'yan gadoji a cikin zanenta, waɗanda ke nuna iyakar inda za a ci, ya duba ya ga ko akwai su a nan. Babu, an yanke su tare da robar. Ya duba ƙasan zanen ya ga sawun wuƙa. Ya ce wannan taya ta gama rayuwarta tun a ƙarƙashin wata motar, zanen da ya auna sassaƙa ne, kuma sauran ukun ma haka suke, da huɗun da ya zaɓa a can tsallake.

Akawu ya miƙe ya juya kan Zuma. Ya ce zai kira hukuma, zai sa a rufe shagon nan, wannan ai kisan kai ne. Zuma ya harɗe hannu a ƙirji, duk zaƙin bakin ya tafi. Ya ce a kira kowa ma, shi ɗan kasuwa ne, saye yake ya sayar, ko wuƙar bai iya riƙewa ba. Idan yallaɓai yana son ya san mai aikin, ba sai ya yi nisa ba. Ya bar maganar a nan, yana kallon tsohon da ke durƙushe.

"Ni na yi," in ji Likita. "Hannuna ne. Duk wadda ka gani a layin nan da leda, ni ne."

Mai faci ya tofar da yawu ya koma rumfarsa. Ɗaya bayan ɗaya masu shagunan suka juya, ba tare da zagi ba, kuma Likita ya san ma'anar wannan shirun fiye da kowa. Wani direban tasi da ke jiran a duba masa iska ya tashi daga benci ya je ya tsuguna gaban motarsa yana leƙa zanen tayoyinsa. Akawu kuwa kallon surukinsa yake yi daga sama har ƙasa, kuma abin da ya fi ci wa Likita rai shi ne babu mamaki sosai a fuskar.

Zuma ya cire tayarsa ya yi jifa da ita cikin shago, ya ce wadda aka ɓata masa sai an biya, kuma a sauke masa mota daga kan jak ɗinsa yanzu-yanzu, ko a kan rim ne. Likita ya tsallaka ya ɗauko nasa jak ɗin da sifana da ƙarfen cire taya. Ya sake tsallakawa sau huɗu, kowane zuwa yana mirgino sabuwar taya guda, motoci suna yi masa hon, yana tsayawa a tsakiyar titi yana haki. Mutum fiye da goma na zaune a inuwa suna kallon dattijo mai furfura yana wannan jigila, babu wanda ya motsa.

Akawu ya ce sai ya duba. Ya karɓi sukundireban daga hannun Likita ya bi kowace taya yana kankara ƙasan zanen, yana neman gadojin da aka koya masa minti goma da suka wuce. Bai bar ko ɗaya ba, har cikinsu ya leƙa. Da ya gamsu ya biya kuɗinsu cif yadda aka faɗa masa da farko, ya ce a rubuta masa rasit da sunan shago da kwanan wata. Likita ya rubuta a kan murfin motar, hannunsa na ɓata takardar da baƙi.

Sannan ya yi aikin, shi kaɗai, a ƙofar shagon Zuma, rana na dukansa. Mai faci ya ce injinsa ya lalace, don haka da famfon ƙafa ya ba tayoyin iska, yana takawa yana hutawa, yana auna kowace sau biyu. Ya goge mazaunin kowace ƙafa kafin ya ɗora. Ya ɗaure notocin bi da bi, wannan sannan na daura da shi, yadda taya za ta zauna daidai, ya sauke motar ƙasa ya sake bin su da dukkan nauyin jikinsa. Bai taɓa yi wa wata mota aiki mai tsabta irin wannan ba. Da ya gama rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya ce wa Akawu ya kai ta a daidaita masa ƙafafun gaba, in ba haka ba waɗannan ma ta ciki za su cinye.

Akawu ya miƙo hannu, Likita ya zaci gaisawa zai yi, har ya fara goge tafinsa a wando. Sifanar yake nufi. Ya karɓa, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya durƙusa a ƙasa mai baƙin mai, ya bi notocin nan goma sha shida ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da ƙarfinsa, a gaban duk layin. Ko ɗaya bai motsa ba. Ya miƙe ya mayar da sifanar, gwiwar wandonsa ta yi baƙi, bai ko kalle ta ba. Ya buɗe mota ya shiga ya tayar.

Likita ya dafa ƙofar ya sunkuyo ta taga. Shekara huɗu bai taɓa roƙon yaron nan komai ba, kuma maganar ta fito masa da ƙyar.

"Ba sai Auta ta ji ba. A halin da take ciki."

Akawu ya riƙe sitiyari yana kallon gaba. Ba da gatse ya amsa ba, da alama shi ma a lokacin take zauna masa.

"Ita ta ce kada in zo wurinku, Baba. Jiya ta faɗa, yau da safe ta maimaita har bakin ƙofa. Ta ce ko'ina in je, ban da layin nan. Na ɗauka faɗanmu take gudu."

Ya ɗaga gilashi. Motar ta hau titi a hankali, ta jira wata babbar mota ta wuce, sannan ta miƙe. Likita ya tsaya da sifana a hannu a ƙofar shagon da ba nasa ba, yana ƙoƙarin tuna shekarun Auta lokacin da ta daina shigo masa da abincin rana har ɗakin baya, ta koma ajiyewa a kan benci ta juya ba ta jira kwano ba. Shekararta goma sha ɗaya.